Wutsiyar Toka, Marka ko Ƙi-Sabo: wane irin suna ya kamata ka sa ma kyanwar dajinka a wasan guruf?

Duk guruf ɗin da ake wasan kyanwoyin daji, wato wanga wasa da kowa zai ɗauki dabba guda ya zama ita, yana rubuta abin da ta yi da abin da ta ce har labari ya ginu tsakanin mutum goma ko ashirin, rigimar farko ba ta wuce ta suna. Admin zai turo fom ya ce a cike jinsi, launi, shekaru, kabila, suna. Sauran duka minti biyu an gama, amma wurin suna sai ka ga mutum yana rubutawa yana gogewa har cajin waya ya ƙare. Ni dai hanyoyi biyar nake gani mutanenmu na bi, nan Birnin Kebbi da su Argungu da Jega har Yauri, kuma wallahi ba ɗaya suke ba, wata tana ɗaukar labari ta kai shi nesa wata kuma tun satin farko take gajiya.

Amma kafin nan ka fara sanin wace dabba ce a hannunka, don mu kusan komai kyanwar daji muke ce mai, alhali halinsu ya sha bamban kuma daga hali suna ke fitowa. Zaki shi kaɗai ne cikinsu mai zaman dangi, zakanyoyi su ke yin mafi yawan farauta kuma su ke zama garken da anka haife su har tsufa, namiji ko in ya kai shekara 2 zuwa 3 korarsa ake yi ya shiga yawo sai ya samu garken da zai ƙwata da ƙarfi. Yana iya kwashe awa kusan 20 a rana yana kwance, rurinsa kuma ana jinsa daga nisan kilomita 8. Damisa ita kaɗai take yawonta, cikin dare, ta kashe nama ta ja shi ta hau icce da shi don kar kura ta raba ta da shi. Cita da rana take farauta, tana kai gudun kilomita 100 a awa amma na ɗan gajeren zango, ba ta ruri sam, ga baƙin zane daga ido zuwa gefen baki. Akwai karakal, jar nan mai baƙin tuntu a kan kunne, tana tsallen da ya kai mita 3 ta kaɗo tsuntsu yana cikin tashi. Akwai sabal ta fadama mai dogayen ƙafafu da manyan kunnuwa da ɗige-ɗige, da kunne take farautar ɓeraye cikin doguwar ciyawa, tana cin kwaɗi ma. Sai muzurun daji na ainihi, mai jan bayan kunne da zobe-zobe a wutsiya, wanda daga jinsinsa mussar gida ta fito tun shekara wajen 10,000 da sunka wuce can Gabas ta Tsakiya, shi ne dai wanda ake cewa ko ana muzuru ana shaho. To ka ga in ka sa ma cita suna Mai-Ruri, ko ka sa ma damisa Uwar-Garke, ka yi ƙarya tun daga fom, kuma akwai wanda zai kama ka, kullum akwai wani a guruf mai kallon tashar namun daji.

Wani abu da ke ba ni dariya, kowa zakinsa Maigeza. In labarinku a yankinmu kunka kafa shi, zakunan Afirka ta Yamma mazansu gezarsu 'yar kaɗan ce, wani ma kusan babu. Kuma sun yi ƙaranci ƙwarai, binciken da anka fitar a 2014 ya ƙiyasta saura wajen 400 ne a duk yankin, mafi yawansu a dazukan W da Arli da Penjari tsakanin Nijar da Benin da Burkina Faso, wanda in ka tsallaka ta Kamba ka bi ta Gaya ba wani nisa can ba ne, a Najeriya kuma sai Kainji da Yankari. Zakin da ya san danginsa na ƙarewa ya fi ƙarfin a ce mai Maigeza, irin wanga Saura ko Ragowa ko Maraya ya fi kama shi.

Hanya ta farko ita ce ta haɗa kalma biyu, Wutsiyar Toka, Farcen Dare, Idon Wata, Gashin Hazo. Wannan daga littattafan Turancin nan na kyanwoyi mayaƙa masu kabila-kabila ta zo mana, waɗanda anka fara fitarwa a 2003, kuma a can tsarin yana da kyau don rabin sunan na farko ba ya canzawa, na biyun ne ke nuna matsayi: jariri da nasa har wata shida, almajirin mayaƙi nasa ya ƙare da dagi, in ya zama mayaƙi a ba shi cikakken suna, in ya zama shugaba ƙarshen sunan ya koma tauraro. Amfaninta a fili yake. Da ka ga suna ka san matsayi, admin ba ya shan wahala, kuma sunayen ba su ƙarewa, in kuna da mutum hamsin kowa zai samu nasa. Tana kuma ba da hoto nan take, da an ce Wutsiyar Toka ka gan ta.

Matsalar ita ce Hausa ba ta jera kalma yadda Turanci ke jerawa. A can matsayi a ƙarshe yake, mu in munka juya shi sai ya dawo gaba, sai ka ga duk almajirai Dagin Toka, Dagin Wuta, Dagin Rairayi, duk shugabanni Tauraron kaza Tauraron kaza. Mutanenmu kuma ba su kiran dogon suna, yanke shi suke yi su ɗauki farkon, to in anka yanke sai ka samu Dagi shida a guruf guda, ana faɗa a labari ba a san wa anka yakusa ba. Na biyu jinsi. Wutsiya mace ce a bakinmu, farce namiji. Ka sa ma ƙaton muzuru Wutsiyar Toka, duk layin da za a rubuta "Wutsiyar Toka ya miƙe ya yi gurnani" sai ya yi ma mai karatu tsaye a wuya, haka "Farcen Dare ta haihu". Ana iya sabawa, amma mi ya kai ka? Na uku, wanda ya fi ɓata mutane, kibod. Rabin 'yan guruf ba su da haruffa masu ƙugiya a wayarsu ko suna da su suna ƙyuyar dannawa. Ka zauna ka tsara Wutsiyar Ƙura, kana nufin mai gudun da ke tada ƙura, washegari kowa na rubuta Wutsiyar Kura, jarumarka ta koma jelar kura kuma ba mai fidda ta daga wanga tsiya har a rufe wasan. Farcen Ƙaya ya zama Farcen Kaya. Saboda haka in dai wannan hanyar kake so, rubuta sunan ba ƙugiya ka karanta ka gani tukuna, ka zaɓi gaɓar jiki da ta yi daidai da jinsin dabbar (ido, farce, kunne, haƙori, dagi ga namiji, wutsiya, ƙafa, geza, murya ga mace), kuma ka sa kalmar da ke bambantawa ta zama ita ake kira, a ce Toka ko Hazo kawai. Ko ka huta ka yi amfani da Mai, Maitoka, Maizobe, Maituntu, wannan namiji da mace duk tana ɗauka.

Hanya ta biyu sunayenmu na gargajiya na yanayin haihuwa, irin waɗanda kakanni ke sa ma jikoki. Marka ga wadda anka haifa ana tsakiyar ruwan damina, Anaruwa, Nomau na lokacin noma, Cigero da Ciwake na kaka, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Cindo mai yatsa shida, Auta, Shekarau wanda ya daɗe a ciki, Audi wanda uban ya rasu kafin a haife shi, Ajuji wanda 'yan uwansa ke mutuwa anka kai shi juji don a yaudari mutuwa. Duba fa, kowane ɗaya labari ne cikakke a gaɓa biyu ko uku. Ka ce damisarka sunanta Ajuji, ba sai ka rubuta dogon tarihi a fom ba, duk Bahaushe ya san uwar nan ta sha binne ɗiya. Ka ce zakinka Audi, an san wani namiji ya ƙwace garken ya kashe ubansa, kuma da yake sabon zaki in ya ƙwace garke kashe ƙananan ɗiyan da ya tarar yake yi, tambaya ta taso da kanta, ya anka yi wanga ya tsira? Kun samu labarin wata guda kyauta. Cindo ma ba ƙirƙira ba ce, ana samun kyanwoyi masu ƙarin yatsa da gaske. Ɗiyan mussa kuma sai sun yi kamar kwana 7 zuwa 10 suke buɗe ido, sai ku mayar da ranar buɗe ido ita ce ranar suna a kabilarku, ya zo daidai da abin da munka saba.

Ga sauƙin kira, ga sauƙin rubutawa, mafi yawansu ba ƙugiya. A ganina babu hanyar da ta kai wannan daɗi a baki. Amma tana da illa biyu kuma ba ƙanana ba ne. Ta farko ba ta da tsoro. Marka suna ne mai sanyi, in ana yaƙin kabila anka rubuta "Delu ta fito" ba wanda gabansa zai faɗi, wani ma goggonsa zai tuna. Kar a zo kan Lami, da ka sa ma kyanwa Lami ka gama da ita, kyanwar Lami ba cizo ba yakushi, sai dai in da gangan ka yi don ta zo ta ba su mamaki, wanda shi ma dabara ce mai kyau in ka iya riƙe ta. Illa ta biyu sunayen mutane ne masu rai. Akwai alkunya. Matar aure a guruf ba za ta rubuta sunan surukinta ba, wata ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan fari, to in surukin Tanko ne kai kuma muzurunka Tanko, za ka ga karaktarta na ta kauce ma taka ba ka san dalili ba, ko ta riƙa rubuta "mai sunan baba", labari ya lalace. Kuma ba kowa zai ji daɗi a rubuta an yayyage Kande an jefa gawarta rafi ba in sunan mahaifiyarsa ke nan. Maganin dai a tambaya kafin a tabbatar, admin ya turo sunan ya ce akwai mai nauyinsa? In an yi shiru zuwa dare shi ke nan.

Hanya ta uku, kuma ita ce tawa, ba zan ɓoye ba: laƙabi irin na kirari, wanda ke farawa da aiki. Hausa dama haka take haɗa suna in tana son ta zuga ko ta tsorata, ba da gaɓar jiki take farawa ba, da abin da mutum ke yi take farawa. Damisa da kanta kirarinta ƙi-sabo. To ga Ƙi-Gudu, Hana-Barci, Sha-Raɓa ga mai yawon asuba, Ci-Ka-Rage ga zakin da ba ya cinye nama, Tsaga-Kaba, Kada-Zabi ga karakal mai kaɗo tsuntsu, Ji-Motsi ga sabal mai farauta da kunne, Wuce-Iska ga cita, Gagara-Tarko ga muzurun da ya gama da kajin ƙauye an rasa yadda za a yi da shi, Raba-Gardama, Kwana-Sama ga damisar da ba ta sauka daga icce. Ka lura babu ruwansu da jinsi, "Ƙi-Gudu ya ce" da "Ƙi-Gudu ta ce" duka sun zauna daram. Kuma suna gaya maka yadda za ka yi wasa da dabbar, ranar da kanka ya toshe ba ka san mi za ka rubuta ba sai ka dubi sunan, Hana-Barci ai ba zai bari a kwana lafiya ba, sai ka tashe shi ya je ya yi ɓarna. Sunan launi ba ya yi maka wannan, Gashin Hazo yau hazo gobe hazo.

Wani daɗin kuma, tsarin matsayi da ake sha'awa a hanya ta farko muna da namu a filin dambe, an gama gina shi tun kafin a haife mu. Ɗan dambe mai tasowa da sunan ubangidansa ake kiransa, Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Dogon wane, kuma akwai ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramada, kowa ya san inda ya tsaya. Sai ku ɗauko shi yadda yake. Almajirin Hana-Barci ya zama Shagon Hana-Barci, ƙaraminsu Autan Hana-Barci, mai kai farmaki da dagin hagu Bahagon Hana-Barci, sai ranar da ya yi abin a zo a gani sannan kabila ta taru a ba shi laƙabin kansa. Ranar nan ita ce ta fi kowace armashi a wasa, don ba kai ka zaɓa ba, 'yan guruf ne sunka duba abin da dabbarka ta yi sunka raɗa mata, wani lokaci ma abin kunya ne ya bi ta, ta gudu daga gada sau ɗaya ta zama Tsere-Gada har abada.

Illarta fa? Akwai. Ba ta dacewa da jariri ko kaɗan, ɗan mussa da bai buɗe ido ba a ce mai Raba-Gardama, gardamar wa ya raba? Sannan tana ɗaure ka. Ƙi-Gudu ba ya da damar gudu, ranar da labari ya bukaci ya tsere sai an yi maka ca, ko da yake in kana da wayo wannan ranar ce za ka fi cin riba, a tuɓe mai sunan gaban kowa. Tana kuma saurin zama cika baki, in kowa Gagara-kaza Hana-kaza ne sai daji ya cika da gwanaye ba talaka ko ɗaya, labari kuma ba ya tafiya sai da matsorata da maƙaryata da masu kwaɗayi. Ku bar ma wasu Lashe-Ƙwarya da Bi-Bayan-Manya. Sai babban gargaɗi, kuma wanga ba wasa ba ne a yankinmu. Laƙabin tsoro yanzu yana da masu shi. Kachalla, Dogo kaza, Baleri, irin sunayen da 'yan bindigar daji ke kiran kansu da su, kar ka kuskura ka sa ma dabba mai zama daji tana kai hari ƙauye. A guruf akwai ɗan Danko-Wasagu, akwai wanda danginsa ke Anka ko Ɗansadau can Zamfara, akwai wanda anka biya kuɗin fansar yayansa. Ban da ciwon da za ka tada, ka yi tunanin wani ya ɗauki hoton hirarku ya fita da shi waje, ana karanta "Kachalla ya ce a shiga garin da dare", wa zai tsaya jin bayanin cewa muzuru ne?

Hanya ta huɗu sarauta da sunan wuri. Magaji, Marafa, Ubandoma, Galadima, Magajiya, Sarkin Ruwa, ko Na-Zuru, Ta-Yauri, Bakabe, Ɗan-Fadama. Sarauta tana da kyau ga matsayi amma ba suna ba ce, kujera ce, yau wane gobe wane, in ka shiga wasa da sunan Marafa ranar da anka tuɓe ka ba ka da abin da za a kira ka da shi. Ku riƙe ta a matsayin abin da ake ɗorawa gaban suna, Magajiya Marka, Galadima Ƙi-Gudu. Zakanyoyi kam Magajiya ta dace da su fiye da komai tunda garken nasu ne. Sunan wuri kuma ya fi amfani ga kabila ba ga ɗaiɗaiku ba, kuma jihar nan tamu ta ba ku ƙasa huɗu daban-daban ba sai kun ara ba: 'yan Fadama irin ta Argungu inda sabal za ta ji daɗi cikin ciyawa da kwaɗi, 'yan Dutse irin na ƙasar Zuru wurin damisa, 'yan Gungu na tsibiran Neja wajen Yauri, da 'yan Faƙo na can Arewa wajen Kangiwa inda ƙasa ta bushe, wurin karakal da cita. Kowace kabila sai ta ɗebi kalmomin suna daga abin da ke ƙasarta, 'yan Fadama su yi Homa da Gora da Bado da Kainuwa, 'yan Dutse su yi Kogo da Tsauni da Fa, 'yan Faƙo su yi Sabara da Aduwa da Ƙaiƙayi. Da an ji suna an san gida. Abu guda, ku bar sunan Kanta a inda yake. Na san yana da daɗi, gaɓa biyu, ga ƙarfi, amma wanda ya kafa daular Kabi ya gina Surame a ƙarni na 16 ba a mayar da shi muzuru gaban Kabawa, za a yi ta har admin ya kulle guruf. Haka sarautar da ke da mai ita a raye a garinku, kar ka haɗa ta da sunan garin.

Ta biyar aro daga waje, ba zan daɗe kanta ba. Simba zaki ne da Swahili, Sher da Indiyanci, kuma duk guruf sai ka samu uku-uku, har a koma Simba Baƙi da Simba na biyu. Ba laifi ba ne, amma ba su faɗa ma kowa komai game da dabbarka, kuma in sauran duka Marka ne da Sha-Raɓa naka zai fita zakka. Inda suke aiki shi ne baƙo, dabbar da ta tsero daga gidan zu ko wadda wani mai kuɗi ya yi kiwo ya sa mata sunan waje, ta shigo daji da wanga suna ana yi mata dariya da shi. Nan aron ya zama labari. Na Larabci kuma a yi hattara, Haidar, Usama, Hamza, Abbas duk suna da alaƙa da zaki, Fahad kuma cita, shi ya sa suke jan mutane, amma sunayen yanka ne na mutane kuma wasunsu na Sahabbai ne da iyalan gidan Manzo. Gadanga ma da ake ganin laƙabi ne kawai, inkiyar masu suna Aliyu ce. Sunayen Annabawa da matan Annabi da 'ya'yansa ba ma a kawo su cikin lissafi, dabbar da za a rubuta tana cin mushe ana zaginta ana kashe ta, wanga ba abin da za a tsaya muhawara a kai ba ne.

To wanne za ka ɗauka? Ya danganta da inda dabbarka za ta fara. In jaririya ce ko ƙarama, hanya ta biyu, ba tantama, ka bar laƙabi ya zo da kansa daga baya, suna biyu kenan kamar yadda mu ma muke da na gida da na waje, uwarta da 'yan uwanta su ci gaba da ce mata Marka, abokan gaba su san ta da Hana-Barci, kuma ranar da wani maƙiyi ya kira ta Marka kowa zai gane akwai tsohon sirri tsakaninsu. In ka shigo wasa ya yi nisa kana son babba mai tarihi, ɗauki laƙabi kai tsaye amma ka shirya labarin yadda anka same shi don za a tambaye ka. In guruf ɗinku babba ne, mutum arba'in hamsin, ana shiga ana fita, admin na son tsari da ido zai gane nan take, hanya ta farko ta fi sauƙin riƙewa, sai dai a gyara ta yadda na ce. In dabbar mugu ce mai yaudara, ni sai in ce ka ba ta suna mafi sanyi da za ka samu, Delu ko Auta, mage mai kwanciyar ɗaukar rai, don Kashe-Dangi kowa ya gan shi tun daga nesa ba wanda zai yarda da shi balle ya ci amana. In ta barkwanci ce, laƙabin kunya. In tsohuwa ce mai magani ko mai duba, sunan icce ko tsiro ya fi, Sabara, Tafasa, Marke, Kalgo.

Kuma kowanne ka zaɓa, gwada shi a saƙon murya kafin ka tura fom, ka kira shi sau uku da ƙarfi kamar uwa na kiran ɗa daga bakin zaure, in harshenka ya harɗe to na sauran ma zai harɗe. Gaɓa biyu zuwa huɗu ya isa, Gagarabadau yana da daɗi a kirari amma mai rubuta shi sau talatin a dare guda da babban yatsa sai ya tsine maka, Badau za su mayar da shi, to ka tabbata kana son Badau ɗin. Duba jerin sunayen da ke akwai kar naka ya fara da gaɓar da wani ya fara da ita, Marka da Marke da Maraya a kabila guda rikici ne, musamman ga masu karantawa da sauri bayan sun dawo sun tarar da saƙo ɗari uku.

Admin kuma ku yanke tun farko mi ake yi da sunan dabbar da ta mutu. Wasu guruf na kulle shi kwata-kwata, wasu na bari a sake. Ni na fi son a bari a mayar ma jariri na cikin dangin, yadda ake yi ma mamaci takwara, amma da sharaɗin wanda ya yi wasa da ta farkon ya yarda, kuma laƙabin ba a gadonsa, sunan haihuwa kawai. In anka haifi sabuwar Marka, Marka ce, Hana-Barci kuma sai ta nemi nata.